Don Allah kar ki daina cin abincin dare

'Yar'uwa, kin ce duk sanda kika ƙoshi sai ki ji kamar kin yi laifi, har kina tambayar ko ki bar cin na dare. Kar ki bari.

Na daɗe ina kallon bidiyon hamingbad mai jan maƙogwaro, ɗan mitsitsin tsuntsun nan na Amurka. Nauyinsa giram 3 zuwa 4 ne, amma kusan duk minti 15 sai ya tsoma dogon bakinsa cikin fure, ya haɗa da ƙananan ƙwari. Dab da ƙaura kuwa ci yake har nauyinsa ya kusa ninkuwa. Kitsen nan ne guzurinsa na tsallake Tekun Meksiko, wajen kilomita 800 ba sauka.

Ke ma yini kike aiki, jikinki na da haƙƙi a kanki. In damuwar ta ƙi tafiya, ki ga likita, kin ji?