Tambaya da Amsa: Launin Ma'adinai a Alƙalamin Marubuci

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Tawa, kuma ina gwada rubuta waƙa. A littattafan Larabci da na Faransanci nakan ga an kamanta ido da zumurrudu, wato koren dutse mai daraja, leɓe kuma da yakutu, wato jan dutse mai daraja, amma da na kwaikwayi haka da Hausa sai baitin ya fito lami. Ina gizo yake saƙa?

Amsa: 'Yata, baitinki ya yi lami ne domin kin ɗauko dutsen da mai sauraronki bai taɓa riƙewa a hannunsa ba. Marubuci yana aron ma'adini ne saboda launinsa yana tafe da daraja da nauyi da wahalar samu, wanda ya san dutsen kuwa duk zai ji waɗannan a kalma guda. Harshenmu ma haka ya saba, don ban da fari da baƙi da ja da wasu kaɗan, yawancin launukanmu aro ne daga abubuwa, shi ya sa muke cewa ruwan zinariya, ruwan toka, ruwan ƙasa.

Yakutu ba baƙo ba ne ga ɗan makarantar allo, domin aya ta 58 a Suratur Rahman ta kamanta matan Aljanna da yakutu da murjani. To amma darajarsa muka sani, ba mu san jansa da idonmu ba, saboda haka a Hausa ya fi dacewa da wa'azi ko bege fiye da siffanta leɓen budurwa. Ki duba kuma aya ta 27 a Suratu Faɗir, inda aka ambaci zane-zanen jikin duwatsu, farare da jajaye da baƙaƙe wuluk, abin da duk wanda ya ratsa tsaunukan Adar ya gani da kansa.

A ganina kwalli ya fi zumurrudu amfani gare ki nesa ba kusa ba. Dunƙulensa ruwan toka ne mai ƙyalli, sai an niƙa shi an ja a ido yake komawa baƙi, kuma mai basira zai siffanta da shi mutumin da kyansa bai bayyana ba sai da duniya ta niƙa shi. Jar kanwa ma ta isa baiti, ga ja mai duhu ga ɗanɗano mai kaifi, ga kuma kirarin uwar gami da ke biye da ita, don haka a kula kafin a jingina ta ga masoyiya. Farin gishirin Bilma kuwa ba ya rabuwa da ƙishirwar ayarin da ya ratso hamadar Tenere da shi.

Akwai launin da nake jiran in ji a waƙoƙin matasanmu, wato rawayar garin yuraniyom da ake sarrafawa a Arlit tun 1971. 'Yan Nijar kaɗan ne suka gan ta ido da ido, amma kusan kowa ya san abin da aka yi tsammani daga gare ta da abin da ya shigo hannu.