Amsa ga ƙanwarmu da aka soke wa “The team are”

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na ga tambayarki, cewa kin rubuta “The team are arguing among themselves” a jarrabawar gwaji, malaminku ya sa jan biro ya mayar da are ɗin is, ga WAEC ta matso, yanzu har tsoron rubuta jimla kike. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don irin wannan ne ya kusa raba ni da koyarwa gaba ɗaya.

Ki kwantar da hankalinki, jimlarki daidai take. Ƙungiya ba ta gardama da kanta, 'yan cikinta ne ke musu da juna, kuma ga themselves nan zaune a ƙarshen jimlar. Ta yaya za a ce is sannan a ce themselves? Shi da ya gyara miki, shi ya ɓata ta.

Ni abin ya same ni ne lokacin da muke TP, wato gwajin koyarwa, a karatunmu na malanta na NCE. An tura ni wata makarantar je-ka-ka-dawo, aji biyu na ƙaramar sakandare. Ranar da mai duba mu zai zo, kusan kwana na yi ina shirya darasi, darasin ma a kan concord ne, wato dacewar aikatau da suna wajen tilo ko jam'i. Na rubuta a allo, “The police are looking for the thief.” Mutumin nan yana zaune a bencin baya da fayil ɗinsa a cinya. Sai kawai ya miƙe, ya tako har gaban aji, ya zare allin daga hannuna ko kallona bai yi ba. Ya sa gefen hannunsa ya goge are, ya rubuta IS da manyan baƙaƙe, ya ja masa layi biyu. Ya juya wajen yara ya ce, “Kun ga s a ƙarshen police?” Suka haɗa baki, “No sir!” Daga nan ya koma Hausa, don kowa ya ji da kyau, ya ce, “Irin waɗannan ne ke kashe mana ilimi.” Har yau ina ganin farin allin nan a hannun babbar rigarsa. Ina tsaye hannuna na rawa, sauran darasin ban san me na faɗa ba. Ya ba ni makin da ya ja mini sakamakona ƙasa. Yaran da suke girmama ni jiya, suka koma in na wuce sai in ji ana raɗa “police are”. Na je wurin shugabar makarantar da hawaye, ta ce in yi haƙuri, babba ne. Na ɗauki ƙamus na bi shi har ofishinsa, na buɗe shafin, na ce ranka ya daɗe don Allah ka duba. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, “Ke ce za ki koya mini Turanci?” Na yafe wa mutane da yawa a rayuwata, amma wannan bawan Allah har yanzu in na tuna shi sai na yi ta istigfari kafin zuciyata ta sauka. Yara nawa ya bari da “the police is” a ka? Wannan ne ya fi ci mini rai.

To ki riƙe wannan da kyau: police, people (in mutane ake nufi) da cattle kullum jam'i ne, are ko have ko were suke ɗauka, ko a Ingila ko a Amurka. In ɗan sanda ɗaya kike nufi, ki ce “a police officer is”. Waɗannan babu zaɓi a cikinsu.

Inda ake da zaɓi shi ne irin su team, family, committee, government, class, audience, jury, staff. Ki ɗauke su kamar tsintsiya. In kina kallonta a ɗaure, abu guda ce: “The committee has submitted its report.” In kuma tsinkayen kike kallo ɗaya bayan ɗaya, kowa da nasa ra'ayin, sai ki ce “The committee are divided in their opinions.” Turancin Ingila ya yarda da duka biyun, Amurkawa ne suka fi tsayawa a kan tilo. Mu kuwa na Ingila muka gada a makarantunmu. Ki saurari masu sharhin ƙwallon Firimiya in yayyenki sun kunna, za ki ji “Arsenal are winning”, “Chelsea have scored”, kuma 'yan asalin harshen ne ke faɗa. Mu ma ai haka muke a Hausa, mu ce jama'a ta taru, mu kuma ce jama'a sun watse, babu wanda ya taɓa ja mana jan biro.

Amma don Allah kar ki je ki tsaya gardama da malamin nan a gaban aji. Ni da na bi a hankali ma kin ji yadda muka ƙare. Ki same shi shi kaɗai, ki gaishe shi, ki ce Malam akwai abin da ya ɗaure mini kai. Ki tafi da Oxford Advanced Learner's Dictionary, ko na waya ne, a gaban team za ki ga an nuna tana ɗaukar aikatau na tilo ko na jam'i, a gaban police kuma an rubuta plural. In mai tsoron Allah ne zai karɓa. In bai karɓa ba, ki yi shiru ki riƙe abinki, ba shi zai duba takardarki ta WAEC ba.

A ɗakin jarrabawa kuma, abin da nake faɗa wa ɗalibaina shi ne su karanta jimlar har ƙarshe kafin su zaɓa. Kin ga its ko itself, tilo ake nema. Kin ga their, themselves ko one another, jam'i ne. In babu wata alama ko kaɗan, ki ɗauki tilo, ya fi tsira. A wajen insha'i kuwa, in kin fara da is ki tafi da its har ƙarshe, kar ki ce “The government has failed in their duty”, wannan cakuɗawar ita ce kuskure na gaske. In kina shakka ma ki kauce, ki rubuta “The members of the team are arguing”, babu mai iya taɓa miki wannan.

Af, sai “a number of” da “the number of”, suna yawan faɗowa a JAMB. “A number of students are absent”, amma “The number of students is small.” Sannan kar ki haɗa su furniture, equipment, luggage, information da advice cikin wannan sahu, su ba a ƙirga su, is suke ɗauka kullum, kuma ba a liƙa musu s. Zuciyata na ƙuna in na ga allon makaranta mai tsadar kuɗi an rubuta “qualified staffs and modern equipments”, iyaye sun sayar da abin hannunsu sun kai 'ya'ya can. Malaman da ke karanta wannan, don girman Allah mu riƙa buɗe ƙamus kafin mu ja wa yaro jan biro, musamman 'ya mace da da ƙyar aka bar ta ta kai aji shida.

Kuma ki riƙa barci, ƙanwata, na lura tsakar dare kika turo tambayar nan. Ki ɗauki hoton takardar gwajin ki turo mini ta akwatin saƙo, ina so in ga sauran wuraren da ya soke miki, don ina zargin ba wannan kaɗai ba ne. Allah Ya ba ku sa'a, ke da sauran 'yan ajinku.