Yawon kyauta a Akra, da maganar shiga ta bayan fage

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ta intanet nake aiki, ina tsara wa wani kamfani shafuka, albashin kuma ba wani mai yawa ba ne. Ina son in je Akra in yi kamar wata huɗu ina aikina daga can. Idan na cire kuɗin ɗaki da na data, abin da zai rage a hannuna kaɗan ne, kuma tsorona kada in je in ƙare a ɗaki saboda ko'ina sai an biya. Waɗanne wurare mutum zai gani kyauta? Sannan fasfona ya ƙare, amma abokina ya ce kada in damu tunda ECOWAS ce, yana da mutum a Aflao, garin iyakar Gana da Togo, da zai tsallakar da ni da katin zaɓe. Hakan ya yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka kwantar da hankalinka game da tsoronka na farko. Akra tana da tsadar haya, amma abin kallonta mafi yawa a fili yake, kuɗin tirotiro, wato ƙananan motocin haya na Gana, kawai zai ci maka.

Ka fara da Dandalin Baƙin Tauraro da ke bakin teku, wanda aka kammala a 1961. Babu mai karɓar kuɗin shiga. Ka je da sassafe ko bayan la'asar, domin fili ne fetal babu inuwa. Tsallaken titi ga ƙofar nan mai ɗauke da 1957, shekarar samun 'yancin Gana, kusa da ita kuma akwai wurin tunawa da tsofaffin sojoji uku, Saja Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey, waɗanda 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe ranar 28 ga Fabrairu 1948 suna kan hanyar kai wa gwamna kokensu. Tarzomar da ta biyo bayan harbin ce ta hanzarta tafiyar Turawa. Makwancin Kwame Nkrumah yana nan kusa, amma shi da kuɗi ake shiga, kuma baƙo ya fi ɗan ƙasa biya.

Daga nan ka bi titin bakin teku zuwa Jamestown. Za ka wuce ganuwar Ussher da 'yan Holand suka gina a 1649, sai ganuwar James ta Ingilishi ta 1673, sai hasumiyar fitilar jiragen ruwa mai zanen ja da fari. Kallo daga waje kyauta ne. Samari za su tare ka su ce su ne masu zagayawa da baƙi. Ka gaishe su da mutunci ka ce yawo kawai kake, idan kuwa kana son rakiyar, ku yi ciniki kafin ku ɗaga ƙafa. Kada ka je ranar Talata idan kwale-kwale kake son gani suna dawowa da kifi, masuntan ƙabilar Ga ba sa shiga teku ranar. Bukom, unguwar damben da ta fitar da Azumah Nelson, tana maƙwabtaka, da yamma za ka ga yara suna atisaye a bakin hanya. Teku kuma ka kalle ta da ido kawai, igiyar ruwan gaɓar Akra tana ja ƙwarai.

Ranar Juma'a ka yi salla a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, ka gangara unguwar Nima da ƙafa. A can Hausa za ka ji a kasuwa da bakin masu shayi, koko da ƙosai kuma na nan da safe. A Nima da Sabon Zango ne za ka samu wanda zai gaya maka inda ɗaki ke da sauƙi da layin da ruwa ke ci idan damina ta sauka. Ranar da kanka ya ɗau zafi da aiki, ka hau mota zuwa Jami'ar Gana da ke Legon ka taka har kan tudu. Akwai kuma gidan zane na Artists Alliance a hanyar La, hawa-hawa cike da zane da sassaƙa, ba a biyan kuɗin shiga. Idan zamanka ya riski watan Agusta, bikin Homowo na mutanen Ga da bikin zanen titi na Chale Wote duk a kan titi ake yin su. Abu ɗaya: kada ka ɗaga waya a gaban fadar shugaban ƙasa ko barikin soja.

Wannan ke nan. Yanzu bari mu zo ga abin da ka sa a ƙarshen wasiƙarka kamar ba komai ba, domin shi ne ya tayar min da hankali.

A'a, bai yi ba. Kada ka bi mutumin nan na Aflao.

Kusan kullum sai na ji wannan magana, “ai ECOWAS ce”, daga bakin direba, daga bakin ɗan kamasho a tasha, har daga bakin masu digiri. Yarjejeniyar zirga-zirga da aka sa wa hannu a Dakar a 1979 ta ɗauke maka biza ne kawai. Ba ta ɗauke maka takarda ba. Sharuɗɗanta a rubuce suke: ka riƙe takardar tafiya mai rai, ka riƙe katin rigakafi, ka shiga ta mashigar da hukuma ta sani, ka zauna abin da bai wuce kwana 90 ba, idan kana son ƙari ka nemi izini. Yarjejeniyar ta kuma bar wa kowace ƙasa ikon mayar da wanda dokarta ba ta yarda ya shiga ba. Katin zaɓe ba takardar tafiya ba ne. Fasfon da ya ƙare ba takardar tafiya ba ne. Wanda ya ce maka ba haka ba, ko dai bai sani ba, ko kuma da rashin saninka yake cin abinci.

Ka san abin da mai tsallakarwa yake sayar maka? Minti goma a bayan babur ta wani lungu tsakanin Lome da Aflao. Ya sauke ka, ya karɓi kuɗinsa, ya juya ya ɗauko wani. Daga wannan lokacin ka zama mutumin da babu wani littafi a Gana da ya nuna ya shigo. Tsakanin Aflao da Akra akwai shingayen bincike, kuma a kowanne wanda ba shi da hatimi shi ake saukewa daga mota, fasinjoji na jira, direba na huci, shi kuma yana lalube a aljihu. Kuɗin da ka ce kana tattali a hanya zai fara zuba tun ba ka ga Akra ba. Kuma daga Legas iyaka uku za ka ƙetara, Seme, da ta tsakanin Benin da Togo, sannan Aflao. An gudu gara an faɗa gidan zago.

Abin da ya fi damuna shi ne irin aikinka. Ka dubi kanka da idon jami'in da zai ƙwanƙwasa ƙofa: matashi ɗan Najeriya, kwamfuta a cinya, waya biyu, yana kwana a farke saboda agogon kamfaninsa, kuɗi na shigo masa daga waje, ba hatimin shiga, ba fasfo mai rai. Hukumomin Gana suna kai samame gidajen da ake zargi da damfarar intanet, suna kwashe baƙi, suna mayar da su ƙasashensu, kuma ranar samame ba a tsayawa tantance na kirki a tsakar gida. Kai da Allah kun san halal kake nema. To da me za ka nuna? Mai hatimi a fasfo da takardar kwantiragi a hannu yana da abin faɗa. Kai kuwa laifi ɗaya ya riga ya tabbata a kanka kafin a buɗe kwamfutar, kuma kwamfutar nan ita ce jarinka. Idan aka riƙe ta sati biyu ana bincike, wane kamfani ne zai jira ka?

Ko ba samame, rayuwar yau da gobe za ta matse ka. Rajistar layin waya sai da shaida, kuma a Akra kusan komai da kuɗin waya ake biya. Mai gidan haya na kirki zai nemi ganin takardarka. Wanda bai nema ba, sau da yawa gidansa ne irin wanda ake kai wa samame. Idan aka sace maka waya a kasuwar Makola ba za ka iya zuwa wajen 'yan sanda da ƙarfin gwiwa ba. Ranar komawa gida kuma a tambaye ka ta ina ka shigo.

Na san abin da za ka ce: sabunta fasfo akwai tsada, akwai jira, akwai je-ka-dawo. Gaskiya ne, ni ma abin yana ƙona min rai, kuma wannan jan ƙafar ce take tura yaranmu hannun 'yan babur. Amma wahalar layi a garinku, inda kake da dangi da gado, ba ɗaya take da wahalar tsarewa a ƙasar da ba ka da kowa ba. Mu da Gana mun san wannan zafin ta kowane ɓangare. A 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta kori baƙi marasa takarda, Hausawa da Yarabawa da yawa suka bar dukiyarsu suka fito. A 1983 gwamnatin Shagari ta yi wa 'yan Gana irin haka, alhali yarjejeniyar ECOWAS tana nan da ranta. Marasa takarda aka fara kwashewa duka sau biyun.

Don haka ka ɗage tafiyar har fasfo ya fito, ko ka nemi takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS a ofishin shige da fice, tana aiki a ƙasashen ƙungiyar. Ka yi allurar shawara a asibitin da aka amince da shi ka karɓi katin gaske, ban da wanda ake cikewa a tasha ba tare da an taɓa maka hannu ba. A kowace iyaka ka sauka da ƙafarka, ka miƙa fasfonka da hannunka, kada ka ba ɗan kamasho ya shiga da shi. Kafin ka bar gaban teburin ka buɗe ka karanta kwanakin da aka rubuta maka, domin abin da ke kan hatimin shi ake bi, ka kuma ɗauki hotonsa ka ajiye. Ka buga kwantiraginka da shaidar biyan albashi a takarda su zauna cikin jakar kwamfuta. Kada ka karɓi aiki a wani kamfanin Gana ko ka kasa kaya a kasuwa alhali a matsayin baƙo ka shiga. Dokarsu ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa ga 'yan ƙasa, kuma an sha rufe shagunan 'yan Najeriya a kanta.

Sai maganar wata huɗu. Wata huɗu ya haura kwana 90. Ko dai ka rage zamanka zuwa wata uku, wanda shi nake ba ka shawara tunda aljihunka ba nauyi, ko kuma ka je hukumar shige da fice ta Gana ka nemi ƙari tun kwanakinka ba su cika ba, ka kuma tanadi kuɗin katin shaidar baƙi da ake buƙata ga wanda ya wuce kwana 90, wanda da lissafin dala ake biyansa. Ka sa wannan a kasafinka tun kana gida, kafin ka biya kuɗin ɗaki.