Ɓeran masar ko kanari, wanne zai fi dawo da jari?

Wani ɗan uwa mai tireda ya turo tambaya, wai yana da rarar naira dubu 60 yana so ya fara ɗan kiwo a bayan gida, amma ya rasa wanne zai kama tsakanin ɓeran masar da kanari.

To malam, abin da ake sayarwa a jikinsu ba ɗaya bane. Shi ɓeran masar yawa kake sayarwa. Macen tana ɗaukar ciki wata 2 da 'yan kwanaki, ta haifi 2 zuwa 4, 'ya'yan su fito da gashinsu ido a buɗe, kafin ka ankara sun fara tsinkar ciyawa. Cinsa ba tsada, ɗanyar ciyawa, dusa, ragowar kabeji da karas na wajen 'yan gwari, sai dai kullum dole ya samu ɗanyen ganye don jikinsa baya haɗa bitamin C da kansa. Kuma asalinsa daga duwatsun Andes ne can wajen Peru, shi yasa zafin Afrilu a ɗakin kwano mara iska yake kashe su. Inda matsalar take, masu saye yawanci yara ne, kuɗin hannunsu kaɗan ne, in ba ka da mai sari da zai riƙa kwashewa wallahi sai su cika maka gida kana ta yankan ciyawa a banza.

Kanari kuwa muryarsa ake biya. Namiji ne mai kukan, macen sai ɗan tsiyit tsiyit, kuma sabon shiga ba ya iya bambance su da ido, nan ake cutar mutane. Guda biyu kala ɗaya keji ɗaya amma kuɗinsu ya sha bamban saboda ɗaya yana jan kuka ya daɗe bai yanke ba. In ya shiga zubar da gashi sai yayi shiru na makonni, ba mai tayawa, kuɗinka na kwance. Wanda aka kamo daga daji ma wani baya jure keji.

Ni dai shawarata, tunda kunnenka bai saba ba kar ka zuba jarin a kanari. Fara da ɓeran, mata 4 namiji 1, amma sai ka fara zuwa wajen masu sayar da tsuntsaye da zomaye ka ji nawa suke sara. Sauran kuɗin bar su a tireda. In kanarin na ranka sayi namiji guda, wanda ka tsaya ka ji kukansa da kunnenka kafin ka biya, ka koya a kansa.