Amsa ga Yaya kan ƙudurorin majalisu da fursunonin Tibet

Assalamu alaikum jama'ar gida. Yaya, na saurari muryarka, inda kake cewa ƙudurorin da majalisun Amurka da Turai ke zartarwa kan 'yan Tibet da ke ɗaure ihu ne bayan hari, tunda Sin ba ta jin maganar kowa. To wallahi, ka yi haƙuri, ina da ja.

Ka ɗauki Ngawang Choephel. Manazarcin kiɗan gargajiya ne, ya yi karatu a jihar Vermont. A 1995 ya shiga Tibet da kyamararsa yana ɗaukar waƙoƙi da raye-rayen mutanensa, aka cafke shi, aka ce ɗan leƙen asiri ne, aka yanke masa shekara 18. Kan waƙa fa, Yaya! Sanata James Jeffords da abokan aikinsa suka hana maganar kwanciya, yau wasiƙa, gobe magana a zauren majalisa, har aka bar mahaifiyarsa ta gan shi a 2000. Janairun 2002 ya fito, wai don rashin lafiya. A Oktoban shekarar aka saki Ngawang Sangdrol, mai ibadar addinin Buddha, kwanaki kaɗan kafin shugaban Sin na lokacin, Jiang Zemin, ya je wajen shugaban Amurka Bush. Kana ganin haka kawai ta faru?

Eh, na yarda yanzu ƙofar ta ƙara tauri. Tashi Wangchuk ɗan tireda ne, laifinsa ya nemi a koyar da yara harshen Tibet a makaranta. Majalisar Turai ta nemi a sake shi a Janairun 2018, a Mayu aka ba shi shekara 5, sai da ya cinye su tas. Tenzin Delek kuwa, malamin addinin Buddha, a kurkuku ya rasu a 2015, gawar ma ƙone ta aka yi, ba a miƙa wa dangi ba. Wannan na ci mini rai.

Shi ya sa 'yan majalisar Amurka suka wuce ƙuduri suka koma doka. Ta 2018 ta ce jami'in da ya hana 'yan jarida da jami'an diflomasiyyar Amurka shiga Tibet, a hana shi biza. Akwai kuma hukumar da majalisa ta kafa a 2000, tana ajiye sunan fursuna, ranar da aka kama shi, da inda yake tsare. Gedhun Choekyi Nyima, wato Panchen Lama, ɗaya daga cikin manyan jagororin addinin Buddha a Tibet, yana ɗan shekara 6 aka ɗauke shi a Mayun 1995, kuma har yau 'yan majalisa na tambayar Beijing ina yake. In sun yi shiru, wa zai tambaya?