Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Tsutsar Ciki da Maganin Asma

Tambaya: Likita, na ji ana cewa masana sun gano maganin asma a jikin tsutsar ciki. Shin da gaske ne? Daga wani malamin makaranta a Katsina.

Amsa: Malam, maganar tana da tushe, sai dai ba ta kai inda ake kai ta ba. Asmar da ƙura ko gashin kyanwa ko kyankyaso ke tayarwa tana faruwa ne saboda garkuwar jiki ta ɗauki abin da ba shi da illa a matsayin maƙiyi, sai hanyoyin iska su kumbura, su cika da majina, ƙirji ya riƙa fito. Ita kuwa tsutsa mai ƙugiya, wadda ke maƙale wa hanji tana tsotsar jini, tana iya shekaru a cikin mutum ne domin tana fitar da wasu sinadaran furotin da ke kwantar da garkuwar jikinsa. A shekarar 2016 masu bincike a Jami'ar James Cook da ke Ostireliya suka ware ɗaya daga cikinsu mai suna AIP-2, suka ba ɓeraye masu asma, sai kumburin huhunsu ya ragu. A 2017 kuma wasu a Jami'ar Edinbara suka bayyana wani mai suna HpARI daga wata tsutsar hanjin ɓera, wanda ke toshe IL-33, sinadarin da huhu ke saki tun farkon tashin ciwon. Wannan bincike yana ba ni fata ƙwarai, amma abin da ya yi aiki a jikin ɓera sai an gwada shi a jikin mutane mataki-mataki kafin likita ya rubuta shi a takarda, kuma magunguna da yawa a nan suke faɗuwa.

Tambaya: Ɗana mai shekara bakwai yana fama da asma. In daina ba shi maganin tsutsa ke nan? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: A'a, Hajiya, kada ki daina. An taɓa gwada wannan a Notingham ta ƙasar Ingila, inda aka sanya wa manya masu asma 'ya'yan tsutsa goma-goma ta fata, kuma sakamakon da aka buga a 2010 bai nuna wani sauƙi na a zo a gani ba. Abin da tsutsar za ta jawo wa yaronki shi ne ƙarancin jini da rama.

Tambaya: Kullum hunturu sai an kwantar da ni a asibiti. Babu wata allura da aka riga aka amince da ita? Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

Amsa: Akwai, Alhaji, kuma su ma furotin ne da aka ƙera domin su toshe sashe guda na garkuwar jiki. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da omalizumab a 2003, wadda ke kama IgE, wani sinadarin garkuwar jiki da ke tayar da irin wannan asma, sannan mepolizumab a 2015, da tezepelumab a 2021. Ana yin su ne a ƙarƙashin fata duk bayan wasu makonni, ga masu asma mai tsanani kaɗai, kuma tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin mutanenmu. Da yake wannan sashe na garkuwa shi ne ke yaƙar tsutsa, ana so a fara magance tsutsar ciki kafin a soma wasunsu.

Amma kafin mu kai ga allura, ina so ka zo mini da abin shaƙarka. Sau da yawa majinyaci yakan zaro shuɗin nan na salbutamol, mai buɗe hanyoyin iska idan ciwon ya tashi, daga aljihu, fentinsa duk ya goge saboda yawan amfani, alhali mai hana kumburin, wanda ake shaƙa safe da yamma ko da lafiya lau ake, yana gida cikin kwalinsa ba a ko ɓare shi ba. Ka fara shaƙar wannan na biyun kullum tun kafin ƙurar hunturu ta sauko, ka kurkure baki bayan kowace shaƙa, sannan ka sa likitanka ya duba yadda kake danna shi kana jan numfashi.