Zambo ne ko habaici? Amsoshin wannan makon

Tambaya: Malam, muna karanta wasan Molière, Les Femmes savantes, malaminmu ya ce habaici ne ga masu nuna sani. Haka ne? (wata ɗaliba daga Damagaram)

'Yata, malaminki ya kusa amma bai kai ba, kuma wannan cakuɗa zambo da habaici da ake yi yanzu har a gidajen rediyo yana ci mini tuwo a ƙwarya wallahi. Habaici ba ya kama suna, wanda ya tsargu da shi ake. Zambo kuwa sai an siffanta mutum yadda ko yaro zai nuna shi da yatsa. To duba abin da Molière, marubucin wasan kwaikwayo na Faransa, ya yi a wannan wasa a 1672, ya kawo wani mawaƙin banza wai shi Trissotin, sunan ma "wawa sau uku" yake nufi, ya sa masa a baki ainihin baitocin da wani malamin coci mai suna Cotin ya wallafa, alhali mutumin yana nan da ransa a birnin Paris. Wannan ai zambo ne tsagwaronsa, irin na makaɗan fada in an hana su kyauta. Habaicin yana wajen uwargida Philaminte, wadda ta kori 'yar aikinta Martine ba don ta yi sata ko ta fasa tangaran ba, wai don ta karya ƙa'idojin Vaugelas, masanin nahawun Faransanci, shi kuwa maigida Chrysale yana ta ƙorafi shi fa da miya mai daɗi yake rayuwa ba da iya zance ba. Nan ba a nuna kowa ba.

Tambaya: Mene ne ƙuƙumi a "ƙaramin sani ƙuƙumi ne"?

Ɗaure hannun mutum a wuyansa, yadda ake wa ɓarawo a da. Kuma da ƙ mai lanƙwasa ake rubuta shi, don Allah.

Tambaya: Gatse da ba'a ɗaya ne?

A'a. Ba'a tsokana ce, gatse kuwa ka faɗi kishiyar abin da kake nufi.

Tambaya: Iyayi daga iyawa ya fito?

E, amma mai iyayi ya fi damuwa da a gan shi yana yi. Monsieur Jourdain na wani wasan Molière na 1670, Le Bourgeois gentilhomme, ke nan, ɗan mai sayar da yadi da ya ɗauko malaman kiɗa da rawa da falsafa don ya shiga sahun sarakai, aka ce masa maganar da yake yi kullum sunanta zube, wato maganar da ba waƙa ba, ya hau murna wai ashe sama da shekara 40 yana zube bai sani ba.